Tocilar da aka liƙe da gam: ƙarfi, zafi ko sinadari, wanne zai buɗe ta ba tare da ɓarna ba?

Tocila ce mai kyau, jikinta alminiyam, amma haskenta fari fat mai shuɗi-shuɗi da ke gajiyar da ido, ko kuma ta ɗau zafi ta rage haske bayan minti biyu. Kana son canza ƙwan LED ɗin da ke ciki, ka kama zoben bakinta ka murɗa, ko gezau. Kamfani ya ɗiga masa gam. A nan ne aka fi yin asara a wannan sana'a ta sha'awa. Canza ƙwan kansa aikin minti goma ne ga wanda hannunsa ya saba, amma wajen buɗewa ake fasa gilashi, a lanƙwasa zobe, a narkar da abin da ba a san yana ciki ba. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Hanyoyin buɗewa ba su da yawa, kuma abu biyu ne ke nuna wadda ta dace: irin gam ɗin da aka sa, da abin da ke zaune a bayan gilashin.

Wane irin gam ne?

Wanda aka fi cin karo da shi a tocilolin ƙarfe shi ne ruwan kulle tiredi, wato zaren da noti ko zobe ke bi idan ana murɗawa, irin wanda makanikai ke ɗigawa a noti don kada jijjiga ta kwance shi. Sanannen sunansa Loctite, na kamfanin Henkel. Ba ya bushewa a sarari. Sai ya shiga tsakanin ƙarfe biyu inda iska ba ta kaiwa yake daskarewa, ya yi tauri, amma taurin mai saurin tsagewa ne. Launi ke nuna ƙarfinsa. Shunayya, mai lamba 222, shi ne mafi rauni. Shuɗi, 242 da 243, an yi shi ne don a iya kwancewa da kayan aikin hannu. Ja, 262 da 271, shi ne mai taurin kai, kuma takardar kamfanin ta ce a gasa wurin zuwa kimanin digiri 250 a ma'aunin Salshiyas sannan a kwance da zafinsa.

Kada wannan adadi ya tsorata ka, kada kuma ka bi shi ido rufe. An faɗe shi ne kan noti da kusoshin ƙarfe da aka shafe da ruwan sosai. A tocila, ɗigo biyu ko uku ake sawa, kuma a kan alminiyam mai rufin nan baƙi mai tauri, wanda ruwan ba ya kama shi da kyau kamar yadda yake kama tsuran ƙarfe ko tagulla. Saboda haka jan gam a tocila yakan saki tun kafin a kai ko kusa da digiri 250. Wanda ya nufi wannan adadi da gaske zai narkar da dalmar wayoyin ciki, ya kuma mayar da baƙin jikin tocilar ruwan ƙasa.

Sai gam mai haɗi biyu, irin su Araldite. Wannan ba ya tsagewa da fizga, amma yana laushi idan ya ji zafi, musamman mai saurin kamawa na minti huɗu ko biyar, wanda ke fara saki tun kafin zafin tafasar ruwa. Akwai sufa gulu, wanda asiton ke narkarwa. Akwai gam mai danƙo irin B-7000 da T-7000 da masu gyaran waya ke manna gilashi da shi, wanda ɗan ɗumi da sifirit sun ishe shi. Na ƙarshe kuma ba gam ba ne ko kaɗan: wasu zobba ba su da tiredi, danna su aka yi da inji suka shige. Tocilolin Zebralight sun shahara da wannan, har ma fanel ɗinsu na ciki, wato allon da ke sarrafa wutar da ke zuwa ƙwan, an zuba masa wani abu ya daskare a kansa. Irin wannan zobe ko ka kwana kana murɗawa ba zai fito ba, ɓamɓare shi ake yi. Kafin ka sa ƙarfi, nemi hoton tocilar a buɗe a intanet ka tabbatar akwai tiredi, ka kuma tabbatar ta wane ɓangare yake kwancewa, domin wasu zobban da ke riƙe makunni a gindin tocila tiredinsu na hagu ne.

Me ke bayan gilashin?

Haska wata fitilar cikin bakin tocilar ka duba. Idan ka ga kwano mai sheƙi kamar madubi da gilashi shimfiɗaɗɗe a gabansa, akwai sauƙi, in dai kwanon na alminiyam ne. Idan kuwa ka ga dunƙulallen abu garai-garai mai ɗan rami a tsakiya, wannan madubin roba ne da ake kira TIR. Yawancinsu da akirilik ake yi, wanda ke fara laushi wajen digiri 90 zuwa 105. Na folikabonet ya fi juriya, yana kaiwa wajen 145. Da zarar ya lotsa ko ya yi hazo, hasken ya lalace, kuma samun wani daidai girmansa a tocilar kamfani abu ne mai wuya.

Shi ƙwan LED ba ya tsoron zafin buɗewa, tun da a masana'anta ma da zafin da ya kai digiri 260 ake ɗora shi. Masu tsoro su ne madubin roba, ɗan farin zoben roba da ke daidaita ƙwan a tsakiya, makunnin gefe, da maganaɗisun gindi, wanda irinsa na yau da kullum ke fara rasa ƙarfi da ya wuce digiri 80. Fiye da duka akwai batir. Cire shi kafin komai. Tocilar da batirinta na litiyam yake a ciki ba ya fita, kada a kusance ta da wuta ko bulowa mai hura iska mai zafi ko ruwan zafi. Batirin litiyam da ya gasu yana iya kumbura ya kama da wuta, kuma wutarsa ba ta mutuwa da sauƙi.

Ƙarfi tsantsa

Wannan ce hanyar farko a kowane hali, domin ita kaɗai ce ba ta kai zafi ko sinadari ga kayan ciki. Sirrinta riƙo ne, ba ƙarfin damtse ba. Hannu yana zamewa a kan alminiyam tun kafin gam ya ji komai. Yanki tsohon tub ɗin keke ko na babur tsiri biyu, faɗin kowanne kamar santimita biyu zuwa uku, ka goge hodar jikinsa da sifirit, ka naɗa ɗaya a zoben, ɗaya a kan tocilar, kana ja yana tamkewa, zagaye huɗu ko biyar. Da wannan kaɗai shuɗin gam yakan saki.

In ya ƙi, sai sifana mai ɗamara, irin wadda ake kwance filtar mai da ita, amma mai ɗamarar roba ba mai sarƙa ba. Biyu ake buƙata, suna fuskantar juna. Wanda ba shi da ita zai iya ɗaura kilif ɗin tiyo a kan robar da ya naɗa, ya ɗan tamke, sai kan sukurun kilif ɗin ya zama wurin da za a tura. Ga ƙaramar tocila mai siririn zobe da ba shi da wurin kamawa, shimfiɗa roba mai kauri a ƙasa, kifa bakin tocilar a kai, danna da nauyin jikinka ka murɗa.

Yadda ake murɗawar ma yana da muhimmanci. Ruwan kulle tiredi tsagewa yake yi, don haka fizga ɗaya mai kaifi ta fi jan hankali na minti guda. Wasu sukan fara ɗan murɗawa ta ɓangaren ɗaurewa, kamar gashi ɗaya, sannan su dawo. Za ka ji ƙas, daga nan kuma ya rage nauyi amma bai saki gaba ɗaya ba, domin garin gam ɗin na cikin tiredin. Ci gaba a hankali, gaba da baya.

Kurakurai biyu ne ke kashe tocila a wannan mataki. Na farko, matsewa da filaya ko bayis kai tsaye. Zoben baki siriri ne, wani kaurinsa bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Idan aka matse shi ta gefe biyu sai ya koma kamar ƙwai, ya ƙara cije tiredin, mai aikin ya ga ya ƙi sai ya ƙara matsewa, har gilashi ya fashe. In dole sai bayis, a huda katako da rami daidai faɗin kan tocilar, a raba shi biyu da zarto, a sa roba a ciki, don matsin ya zagaye ko'ina daidai. Kuma a kama wurin da ƙarfen ya fi kauri, wajen tsage-tsagen da aka yi a kan tocilar don sanyaya ta, ba bututun batir ba.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Lokacin da zoben ya fara juyawa, yakan ja gilashi, gilashi ya ja kwano, kwano kuma ya ja farantin da ƙwan ke zaune a kai. Sakamakon shi ne a tsinke wayoyi biyun ko a fige kumbo, wato ɗan dunƙulen roba garai-garai da ke kan ƙwan. Da zarar gam ya karye, ajiye sifana, danna gilashin da babban yatsa ta cikin tsumma mai tsabta don kada ya juya, ka ƙarasa kwancewa da hannu, bakin tocilar yana kallon sama.

Ruwan zafi da bulowa

Idan ƙarfi ya gaza sau biyu ko uku, zafi ne na gaba, kuma a nan zaɓin gaske yake.

Ruwan zafi yana da wata fa'ida da babu kayan aikin da ya kai shi: ba ya wuce digiri 100 ko da ka manta da shi. Cire batir, kwance duk abin da ke kwantuwa, sa kan tocilar a leda mai kauri wadda ba ta yoyo, fitar da iskar ciki, tsoma cikin ruwan da ke tafasa minti biyar zuwa goma, kada ledar ta taɓa gindin tukunya. Ka shirya robobinka da sifana da safar hannu tun kafin ka tsamo, domin alminiyam yana hucewa da sauri. Bayan rabin minti rabin amfanin ya tafi. Wannan zafin ya ishi gam mai haɗi biyu da shuɗin Loctite, yakan kuma raunana ja har ƙarfi ya ƙarasa shi. Illarsa ita ce yana ɗumama komai daidai, ciki da waje. Ga madubin akirilik digiri 100 bakin iyaka ne, musamman da yake zoben na danne da shi. In akwai irin wannan madubi, sauke tukunyar, bar ruwan ya huce zuwa wajen digiri 80, ka ƙara lokacin tsomawa.

Bulowa ta masu gyaran waya, irin wadda ke kan kusan kowane tebur a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, akasin haka take. Tana kai zafi daidai inda ake so, cikin sauri, tana kuma iya wuce abin da ruwa zai bayar. Lambar da ke kan injin zafin iska ce, ba zafin ƙarfen ba. Alminiyam yana shanye zafi ya watsa shi, don haka iska mai digiri 200 zuwa 250 ta daƙiƙa talatin zuwa sittin takan kai zoben wajen ɗari da ɗoriya ne kawai. Sa ƙaramin baki, nufi layin haɗin daga gefe, kana juya tocilar ba tsayawa, kada iskar ta daki gilashi ko robar makunni. Ɗiga ruwa kaɗan a kan ƙarfen: in ya yi cuu ya ƙafe nan take, ka wuce ɗari, gwada murɗawa. In ya ƙi, bari ta huce sosai kafin ka sake, maimakon ka ci gaba da gasawa. Gajeren zafi mai ƙarfi a waje ya fi dogon zafi mai ratsawa ciki.

Akwai dalili na biyu da ya sa saurin ke da amfani. Alminiyam yana buɗewa da kimanin kashi 23 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri. Zobe mai faɗin milimita 30 da ya fi abin da ke cikinsa zafi da digiri 80 zai ƙaru da kusan milimita 0.05. Kaɗan ne a ido, amma ya isa ya tsaga busasshen gam. Wannan yana faruwa ne kawai idan na waje ya riga na ciki ɗaukar zafi; in duka sun ɗumama tare, kamar a ruwa, tare za su buɗe. Idan zoben na bakin ƙarfe ne marar tsatsa, lissafin ya canza, domin shi kashi 16 zuwa 17 yake buɗewa. In yana shiga cikin kan alminiyam ne, zafi na taimakonka. In shi ne ya rufe alminiyam ɗin daga waje, zafi ƙara matse shi yake yi, kuma a nan ne kaɗai sa tocila a firiza na awa ɗaya ko biyu ke da ma'ana sosai.

Na'urar busar da gashi tana tsakiya: ba ta isa ta yi ɓarna ba, ba ta kuma isa jan gam ba. Ta dace da gam mai danƙo. Wutar laita, kyandir ko risho kuwa a bar su. Ba a iya auna su, suna ƙona zoben roba mai hana ruwa shiga, suna kuma fasa gilashi saboda gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi.

A taƙaicen zaɓi tsakanin biyun: tocila mai kwanon alminiyam da gilashi, wadda ake zaton jan gam ne, bulowa ta fi. Tocila mai madubin roba, ko mai aikin da bai saba da bulowa ba, ruwa ya fi aminci ko da za a maimaita sau uku.

Sinadari da zarto

Mutane da yawa suna sa rai da asiton, amma aikinsa ƙalilan ne. Yana narkar da sufa gulu, ba ya yi wa daskararren Loctite wani abin kirki, kuma da wuya ya ratsa tiredin da gam ya toshe, ga zoben roba a hanya. Abin da yake yi da kyau shi ne ɓata akirilik da folikabonet, ya sa su yi fari su tsattsage, ya kuma kumbura wasu zobban roba. A yi amfani da shi bayan an buɗe, wajen wanke tiredin ƙarfe da aka raba da komai. Man kwance tsatsa ma ba ya cin gam. In ya samu hanya ya shiga, kwanon haske zai ɓata. Sinadaran da ke cin Loctite da gaske, irin na cire fenti, guba ne ga huhu da fata, bai kamata a kawo su ɗaki saboda tocila ba.

Yanka zobe da ƙaramin zarto hanya ce ta wanda ya riga ya sami wani zoben a hannu. In babu, ba buɗewa ba ce, rushewa ce.

Tocilolin roba na kasuwa

Masu cajin nan da ke kowane gida saboda ɗauke wuta, labarinsu daban. Wasu sukurori ne ɓoye a ƙarƙashin takarda ko robar ƙafa, a fara dubawa. Waɗanda ba su da sukuru galibi narka bakin robar aka yi da inji aka haɗe, don haka babu gam ɗin da zafi zai sassauta. Zafi lanƙwasa jikin kawai zai yi. Ana bin layin haɗin da wuƙa mai kaifi sau da yawa, ko a ɗan matsa shi a bayis har ya yi ƙara ya tsage, sannan a bi da siririn ƙarfen ɓamɓare waya.

Hattara da masu ƙafa biyu da ake sokawa kai tsaye a soket. Cajarsu ba ta da tiransifoma, kafasita ce kawai ke rage wutar, don haka duk abin da ke ciki yana iya ɗaukar wutar gida yayin caji, kuma kafasitar kan riƙe wuta bayan an zare. Kada a taɓa cikinta tana jone. Yawancinsu ƙaramin batirin dalma mai bolt 4 ne a ciki, shi ne kuma ke fara mutuwa. Gyaran da ya fi riba a nan shi ne a cire batirin da tsohuwar cajar gaba ɗaya, a sa batirin litiyam 18650 da ɗan fanel ɗin caji TP4056 mai kariya, wanda ke karɓar bolt 5 daga cajar waya ya tsaya a 4.2. Haɗa batirin litiyam da tsohuwar cajar kafasita ganganci ne, domin ba ta san tsayawa ba.

An buɗe: me ya cancanci canzawa?

Kafin komai, kankare tsohon gam daga tiredi da tsinken sakace ko burushin tagulla, nesa da kwano. Cikin kwanon kada yatsa ko tsumma ya taɓa shi. Rufinsa siriri ne ƙwarai, ko auduga tana barin zane. Kife shi a wuri mai tsabta, in ƙura ta hau a hure da robar hura iska.

Canza ƙwai shi ne gyaran da ido ke gani nan take. Abu uku sai sun dace. Girman ƙafa: 3535, wato milimita 3.5 kowane gefe, shi ne na Cree XP-G da XP-L, Nichia 219 da 519A, Samsung LH351D da Luminus SST-20. 5050 na XM-L2, SST-40, SFT-40 da XHP50. 7070 na XHP70. Ƙananan Osram masu jifa nesa kuma 3030. Sai bolt: yawancin ƙwai na bolt 3 ne, amma dangin XHP akwai na 6 da na 12, kuma fanel ɗin da aka gina don na 6 ba zai zauna lafiya da na 3 ba. Auna da mita a kan wayoyin tsohon ƙwan yana kunne kafin ka sayi sabo. Na uku, yawan wutar da fanel ke turawa. Fanel mai ƙananan cif 7135 yana da sauƙin lissafi, kowane cif miliamfiya 350, takwas su ba da amfiya 2.8. Fanel mai FET, wato makunnin lantarki da ke haɗa batir da ƙwan kai tsaye, shi kuwa ba ya ƙayyadewa, abin da batir ya iya bayarwa yake sakewa, kuma ƙaramin ƙwai irin Osram, wanda wurin da ke ba da haske a kansa milimita ɗaya ne kawai, zai yi shuɗi ya ƙone a kansa.

Wanda ke son launi na gaskiya, ya bambance jan waya da ruwan ƙasa, ko ya duba lafiyar dabba da dare, Nichia 519A mai lambar launi 4000K zuwa 4500K, wato fari mai ɗan rawaya-rawaya, ya fi masa, ko da adadin haskensa bai kai na fararen ba. Wanda ke son hango nesa, mai gadi ko mafarauci, SFT-40 ko Osram, waɗanda ba su da kumbo a kai. Wanda yawan haske kawai yake so a kan kuɗi kaɗan, SST-40.

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen ƙwan a kan farantinsa, milimita 16 ko 20, na jan ƙarfe mai kai zafi kai tsaye. Amma tocilolin kamfani sau da yawa farantinsu mai siffa ta musamman ne, dole a ɗora sabon ƙwai a kan tsohon faranti. Ana cire farantin, a ɗumama shi daga ƙasa har dalma ta narke, a ɗauke tsohon da hantsaki, a sa fulas, wato man da ke sa dalma ta kama, da dalma kaɗan, a ajiye sabon bayan an tabbatar da ɓangaren fosit da nagatif. Dalmar liƙi mai kashi 63 na kuza da 37 na dalma tana narkewa a digiri 183, marar gubar dalma ta masana'anta wajen 217 zuwa 220. Idan ta narke za ka ga ƙwan ya ja kansa ya zauna daidai. Ɗan danna shi kaɗan rarar ta fito gefe, ka sauke. Dalma mai yawa a ƙarƙashi tana sa ƙwan ya karkace, hasken ya fita a karkace.

Man kai zafi, irin Arctic MX-4, ɗigon da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya isa, a danna a ɗan murza ya bazu siriri. Wajen mayar da wayoyi, farantin jan ƙarfe da jikin tocila suna shanye zafin ƙarfen liƙi, don haka a nemi mai wat 60 ko fiye, mai faɗin baki, wajen digiri 350, a gama cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Ɗigon dalmar ya kwanta, kada ya yi tudu. In ya taɓa gindin kwanon alminiyam bayan an ɗaure zobe, wuta za ta haɗu, kuma da batir mai ƙarfi a ciki sifirin da ke danne batir zai yi ja ya lanƙwashe. Liƙa tef ɗin Kapton, mai jure zafi, a kan ɗigon, sannan auna da mita tsakanin kowace waya da jikin tocilar kafin batir ya shiga. In sabon ƙwan ya bambanta da tsoho a tsayi, tsakiyar hasken kan yi rami ko zobba. Ana gyara wannan da canza kaurin farin zoben da ke ƙarƙashin kwano, kashi ɗaya cikin goma na milimita ma yana nunawa.

Canza fanel a tocilar kamfani wani aiki ne daban, kuma sau da yawa bai cancanci wahalar ba: shi ma a liƙe yake, girmansa ba na gama-gari ba, ga makunnin gefe da ramin caji a jikinsa. Ƙara waya a cikin sifirin don rage asarar wuta yana da amfani ne kawai a tocila mai jan amfiya biyar zuwa sama. Kuma duk ƙarin wuta ƙarin zafi ne. A watan Afrilu da iska kanta ke haura digiri 40 a Arewa, ƙaramar tocila za ta rage haskenta da wuri fiye da yadda aka gani a gwajin ƙasashen sanyi.

Wace za a saya tun farko?

Fenix, Nitecore, Olight da SureFire galibi suna liƙe kawunan tocilolinsu, don ruwa da faɗuwa da kuma garanti, wanda ke faɗuwa da zarar an buɗe. Ingancin jiki da fanel ɗinsu ne ke sa mutum ya jure wahalar, idan ƙwan kaɗai ne bai yi masa ba. Sofirn da Wurkkos suna tsakiya, wasu a liƙe kaɗan, wasu a sake. A ɗaya gefen akwai Convoy, musamman S2+, wadda ake sayarwa har da fanko ba ƙwai ba fanel: batir 18650, faranti milimita 16, fanel milimita 17, komai da zoben tagulla mai ramuka biyu da ake kwancewa da bakin hantsaki. Mai koyo ya fara da irin wannan, ya lalata ƙwai biyu ko uku masu arha, hannunsa ya san zafin dalma, kafin ya ɗora sifana a kan tocilar da ta ninka ta kuɗi sau biyar.

Wajen rufewa, duba zoben roba; in ya miƙe ko ya yi tauri saboda zafi a canza shi, a shafa masa mai kaɗan irin Nyogel 760G ko Super Lube. Danna gilashi da yatsa yayin ɗaure zoben kamar yadda aka yi wajen kwancewa. Kada a mayar da jan gam. Matsin zoben roba ya isa riƙe yawancin tociloli, in kuma ta bindigar farauta ce ko ta kan babur mai shan jijjiga, ɗigo ɗaya na shunayya ko shuɗi a tiredi na biyu daga baki ya wadatar, a bar shi awa 24 ya kama kafin a fita da ita.